Ranar da Taɓo Ya Kama Kawu Nomau

Ku gafarce ni, ni ba marubuciya ba ce. Karatu na iya, shi ma a bayan ƙofa nake yin sa. Yau ne karo na farko da na ɗauki biro don in ba da labari, kuma sau uku ina yage shafin farko. In kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri, don Allah ku tsallake. Da ni abin ya faru, na kuma rasa wanda zan faɗa wa da baki.

Muna idar da sallar asuba muka fita, gari bai waye ba. Ni da Kawu Nomau, wan mahaifiyata, kowa na jan jirginsa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa a hankali, don kada mai kula da jiragen ya ji.

Bari in ɗan koma baya, na ga na fara a tsakiya.

Kawu Basarke ne daga Yauri, shekara arba'in yana su a kogin Kwara. Babana kuwa gadi yake yi a wani gidan hutu da ke bakin teku, can gaba da Kalaba. Da na gama jarrabawa Inna ta ce in je in gan shi, ko idona ya huta da takarda, Kawu ya rako ni. A gidan akwai wasu 'yan jiragen roba na mutum ɗaya da baƙi ke haya, ana ce musu kayak. Zama ake yi a kai a miƙe ƙafa, filafilin kuma kai biyu gare shi, a tsoma dama a tsoma hagu. Ranar da Kawu ya fara ganin su dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Wanga ba jirgi ba ne," in ji shi. "Bahon wankan jinjiri ne."

Kwana uku bayan nan ba a iya raba shi da bahon. Akwai wani tafki na ruwan daɗi a bayan gidan, a nan ya gano cewa abin ba ya ƙara ko kaɗan, har kan kifi yake kai mutum kifin bai sani ba. A nan ya koya mini ni ma. In ɗaure filafili da igiya a jikin jirgi. Kada kaina ya wuce bakin jirgi ko me na gani a ruwa. In kifi ya ja, in juya sandar fatsa ta kalli hancin jirgi, in bar shi ya yi ta ja na har ya gaji. Sau biyu ina kifewa, na sha ruwa na ƙoshi. A rana ta uku na kama tarwaɗa mai tsawon hannuna, Kawu ya ce ashe Malama ma tana da jinin Sarkawa. Malama yake kira na, saboda littafi. Sunana Kuluwa.

Da yammacin ranar Kawu ya ce gobe sai ruwan gishiri. Mai kula da jiragen, wani mutumin garin ne mai suna Asukwo, ya ajiye abin da yake gyarawa ya zo ya tsaya a gabanmu. Ba ya jin Hausa, Kawu ba ya jin Turanci, ni ce a tsakani. Ya daɗe yana magana. Ya ce kada mu shiga ƙananan mashigan ruwan da ke ratsa daji sai da shi. Ya ce ruwan nan sau biyu yake tafiya ya dawo a kowace rana. Ya ce in jirgi ya zauna a ƙasa, ko me za a yi, kada mutum ya sauko.

Kawu ya ce, "Mi ya ce?"

Na dubi Kawu, na dubi furfurarsa da tabon haƙorin kada da ke dantsensa. Ta yaya zan buɗe baki in ce masa wani yaron da bai kai ɗansa ba ya ce bai san ruwa ba?

Na ce, "Ya ce a yi hankali."

"Ce mishi na gode."

Wannan shi ne laifina, kuma gara in faɗe shi tun yanzu.

To, muka tura jirage. Ni ina sanye da rigar hana nutsewa a kan hijabina, shi ko ya ƙi tasa. A gefensa ya ɗaure zagon da ya taho da shi daga gida, wato mashin kifi mai ƙugiya a baki, wuƙa na ƙugunsa, jatan lande a gwangwani don sa wa ƙugiya. Da muka isa bakin babban mashigi ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar. Sai ya tsinki ganye ya jefa, ya zuba masa ido. Ganyen ya bi ta gefenmu ya nufi teku.

"Madalla. Mu hau shi yanzu da ƙarfinmu. In mun gaji shi zai kawo mu gida."

Haka Sarkawa ke yi tun kakanni. A fita ana hawan ruwa, a dawo ana gangara.

Gari ya waye mana a cikin wani irin daji da ban taɓa gani ba. Itatuwan ba su da gindi a ƙasa. A kan saiwoyi suke tsaye, dogaye, lanƙwasassu, sai ka ce sun ɗage riga za su tsallaka ruwan. Ruwan baƙi ne wuluk, ba ya nuna komai sai fuskar mai leƙa shi. Babu kukan kurciya, babu carar zakara daga nesa, babu ko hayaƙin wani ƙauye. Abin da ake ji kawai wani ƙas, ƙas, ƙas daga cikin saiwoyin, ta ko'ina, kamar mutane da yawa na ƙyasta yatsunsu a ɓoye. In na juya wajen ƙarar sai ta tsaya, ta koma bayana.

Kawu bai damu ba. Jifarsa ta biyu zare ya miƙe, sanda ta lanƙwashe, jirginsa ya fara tafiya shi kaɗai. Ya bar kifin ya ja shi ya kai taki hamsin kafin ya jawo shi kusa ya soka masa zago. Jan kifi ne jawur, da haƙora irin na kare. Ya juya shi ya sake juyawa.

"Shekara arba'in, ban san sunan wanga ba," ya ce, yana murmushi kamar yaro.

Daga nan ba ya ji ba ya gani. Wani abu babba ya motsa ruwa a bakin wani siririn mashigi ta hagu, ya bar layi a bayansa, Kawu ya bi. Na bi Kawu. Mashigin ya yi ta lanƙwasa yana tsukewa, rassa suka haɗe a samanmu, har filafilina ya fara taɓa saiwa dama da hagu.

A nan na lura da saiwoyin. Ɗazu busassu ne har bakin ruwa. Yanzu akwai jiƙa a jikinsu kamu ɗaya sama da ruwa. Kafin mu sake shan kwana biyu ta zama kamu uku, wasu ɓawo masu kaifi sun fito manne da su suna ɗiga. Na san abin. Na karanta shi a aji biyu, har da zanen wata da kibiya. Amma a littafi layi huɗu ne kawai.

"Kawu, ruwan yana raguwa."

"Ruwa ba ya raguwa a hantsi guda, Malama. Wata uku yake ɗauka."

Ba mu ƙara taki ɗari ba na ji cikin jirgina ya goga ƙasa. Na tura, ya ƙi. Kawu na gabana da kamar taki goma, shi ma ya tsaya. Muna zaune muna kallo ruwan ya zare daga ƙarƙashinmu, ya zama 'yar ƙorama, ya zama zare, ya tafi. Ya bar mu a kan taɓo mai toka-toka, mai sheƙi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Sai taɓon ya fara motsi. Ƙaguwa dubu suka fito daga ramuka, kowace da hannu ɗaya babba, suna ɗaga shi suna saukewa tare, duk suna fuskantar mu. Wasu kifaye masu idanu a tsakar ka suka fito suna tafiya da hannuwa a kan taɓon. Ɗaya ya hau saiwa ya zauna yana kallon Kawu. Na ji Kawu yana karanta wani abu ƙasa-ƙasa.

Ya gama, ya naɗe ƙafar wando. A Kwara in jirgi ya hau yashi, sauka ake yi a ja shi, ko yaron goye ya san haka.

"Kawu…"

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Ya riga ya sauka.

Ya nutse zuwa gwiwa. Ya yi 'yar dariya, ya dafa jirgin don ya zaro ƙafar dama, jirgin ya sulale daga hannunsa ya tafi gefe, ƙafar hagu ta shige zuwa cinya. Ya yunƙura da ƙarfi, irin yunƙurin da yake fitar da taru cike da kifi. Taɓon ya yi wani sauti kamar an tsotsi ɓargo. Da ya tsaya yana haki, ya kai masa ƙugu.

"Kada ki sauko," ya ce. "Kin ji ni? Kada ki sauko."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Rana ta hau. Wasu ƙananan ƙudaje da ido ba ya gani suka rufe mu da cizo. Kawu ya gwada miƙa hannu ga jirginsa, saura kamu biyu. Duk gwadawa sai ya ƙara yin ƙasa kaɗan. Na yi ihu da Hausa, na yi da Turanci, dajin ya haɗiye bai mayar da ko amsa-kuwwa ba.

Can sai ƙaguwan suka shige ramukansu gaba ɗaya, a lokaci guda. Ƙas-ƙas ɗin nan ya tsaya.

Wani siririn ruwa ya zo ta bayana, da 'yar kumfa a bakinsa, yana lasar taɓo. Ya wuce jirgina. A kansa akwai busasshen ganye, ganyen ya wuce ni, ya wuce Kawu, ya nufi cikin daji, inda ɗazu ruwan ke fitowa. Kawu ya bi shi da kallo har ya ɓace. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

"Kogi ya juya," ya ce. "Kuluwa, kogi na komawa inda ya fito."

Na fashe da kuka na faɗa masa duka, abin da Asukwo ya ce da abin da ni na ce. Ya saurara. Ya tambaye ni ina ruwan ke tsayawa in ya dawo. Na nuna masa layin jiƙar da ke jikin saiwoyi. Layin ya fi kansa tsawo da kamu biyu.

Ruwan ya zagaye shi ya taɓa masa ciki.

"To. In ya ɗaga jirginki, ki juya ki tafi. Ki ce wa innarki ni na kawo kaina, ba ke ba."

A lokacin na gan ta.

Tana bayansa, can cikin saiwoyi, inda ko biri zai sha wuya. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ɗaure da zane a ƙirji, an zagaye idanunta da farar ƙasa. Gwiwarta ɗaya na kan wani faffaɗan katako, ɗaya ƙafar tana tura taɓo a kwance, tana sulalowa ba ƙara. Ta tsaya inda zan gan ta sosai. Ba ta dubi Kawu ba ko sau ɗaya. Ni take kallo.

Na buɗe baki zan kira ta, ta girgiza kai. Ta kwanta rub da ciki a kan katakon, ta buɗe hannuwa, ta tura taɓon da tafinta. Ta sulalo gaba. Ta ɗago ta dube ni, ta sake yi.

Na kwanta a kan jirgina kamar yadda ta yi. Hannuna ya shige har gwiwa, wani ɓawo ya yanke ni, amma jirgin ya motsa. Ruwan da ya shigo ya sa taɓon santsi. Na tura, na tura, na isa jirgin Kawu na sa kai na ingiza shi gabana har ya bugi ƙirjinsa. Da na waiga, jirgina ya bar kwari mai faɗi a taɓon. Na dubi inda tsohuwar ta biyo. Sumul yake, ko ƙaguwa ba ta taka ba. Na kawar da kai, don ba ni da lokacin jin wannan tsoron.

Kawu ya kama jirgin ya fara yunƙurin hawa da ƙarfi. Tsohuwar ta girgiza kai. Ta rungume katakonta, ta kwantar da kunci a kai, ta saki jiki.

"Kawu, ka daina! Ka rungume shi ka kwanta. Ka saki jikinka."

"Ke, in na saki…"

"Ka yi shiru ka kwanta, na ce!"

Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga wa babba murya ba. Ya dube ni, ya kwanta.

Ruwa ya kai masa hammata. Tsohuwar ta ɗaga hannu ɗaya a tsaye, ta zura ɗayan a gefensa, tana kaɗawa a hankali. Na kwance filafilina na soka shi a taɓon, a jikin cinyarsa ta dama, na kaɗa gaba da baya. Na ji ruwa na bin ramin yana sauka. Ta juya tafin hannu a hankali, kamar mai mulmula tuwo a ƙwarya. Na ce masa ya riƙa juya ƙafa, kada ya ja. Jirgin da ya runguma ya fara tashi da ruwan, yana ɗaga shi da kaɗan-kaɗan. Jijiyoyin wuyansa suka fito. Ƙafar dama ta fita da wani gurnani, kumfa mai wari ta taso.

Ta hagu ta ƙi. Ruwa ya kai masa haɓa, jirgin na neman ƙwacewa daga hannunsa.

"An riƙe ta," ya ce. "Wallahi kamar da hannu."

Na nemi tsohuwar. Ruwa ya ɗaga katakonta, tana zaune a kai yanzu. Ta kama zanenta daidai ƙugu, ta yi kamar za ta kwance.

"Wandon ne! Kawu, tsinke mazagin!"

Ya saki hannu ɗaya, ya ja numfashi, kansa ya shige ruwa. Na ƙirga a zuci har goma sha tara. Hannun da ke kan jirgin ya fara zamewa, na kama wuyan hannun da hannuwana biyu, kaina ya wuce bakin jirgi, ban damu ba. Sai ga shi ya ɓullo gaba ɗaya kamar an tura shi daga ƙasa, wuƙar na hannunsa, yana tari yana aman baƙin ruwa.

Wandon na can har yau. Hijabina ya ɗaura.

Da na samu na waiga, babu kowa. Ruwa ya rufe saiwoyin, ya shafe wurin tas.

Dawowa ma hawan ruwa muka yi, don yanzu cikin daji yake turawa. Kawu na tuƙi yana rawar sanyi da tsakar rana. Sai da muka fito babban mashigi ya yi magana, bai juyo ba.

"Wane littafi ya koya miki wanga?"

"Ba littafi ba ne. Tsohuwar nan ce."

"Wace tsohuwa?"

"Wadda ke bayanka. Mai farar ƙasa a ido."

Ya daina tuƙi. Ruwa ya fara mayar da mu baya.

"Da kika riƙa kallon bayana na waiga, Kuluwa. Sau biyu na waiga." Ya tsoma filafili. "Kada ki faɗa wa babanki."

Ba mu yi nisa ba muka ji inji. Asukwo ne da Baba a jirgin gidan, tun hantsi suke nema. Asukwo ya dubi taɓon da ya bushe a gashin Kawu, ya dubi hijabin da ke ƙugunsa, ya jefo igiya.

A bakin gaɓa mutane sun taru, ma'aikatan gidan da matan da ke banda kifi. Aka zagaye Kawu. Baba na faɗa yana dariya yana share ido, wai Basarke guda ya tafi da wando ya dawo da zane. Kawu ya ɗaga jan kifinsa sama ana ta sowa. Sai ya kama hannun Asukwo da hannu biyu, ya waiwayo yana nema na.

"Malama, zo ki ce mishi gobe in zai fita ya tafi da ni. Ki faɗa mishi duka, kada ki rage."

Na faɗa duka. Aka koma kan kifin, kowa na faɗin sunansa da yarensa.

Na ja jirgina gefe don in wanke shi. A bayan mazaunin, a ƙarƙashin igiyar da ake ɗaure kaya, akwai wani ƙunshi na ɗanyen ganye, an ɗaure shi da zaren kaba, ɗauri mai kyau. Ba ni na sa shi ba. Babu wanda ya zo kusa da jirgin nan tun asuba. Na kwance. Ƙananan katantanwa ne masu tsini, cike da tafi biyu, an wanke su tsaf, suna motsi.

Na mayar da ɗaurin yadda na same shi. Na shiga ruwa zuwa idon sawu na ajiye ƙunshin a hankali, na ce na gode, da Hausa, don ban san da wane yare zan faɗa ba. Ganye ne, ya kamata ya ɗan yi iyo. Nan take ya nutse.

Ana can ana gardamar ko a gasa kifin ko a yi farfesu. Na ɗauki takalmana a hannu, na bi ta bayan rumfar jirage na shige ɗaki, ba wanda ya juyo.